Yini Ɗaya a Mulai Idris Zarhun: Yadda Za Ka Tashi Daga Fas, Ka Hau Dutse, Ka Ci, Ka Dawo

Yawancin mutanenmu da ke zuwa birnin Fas na ƙasar Maroko, ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani ce take kai su, ko neman ilimi, ko fatauci, kuma da yawa sukan ƙare kwanakinsu a lungunan tsohon birnin su koma gida ba tare da sun leƙa wani ƙaramin gari da ke maƙale a jikin dutsen Zarhun ba, alhali tafiyar ba ta wuce ta sa'a biyu ba. Sunan garin Mulai Idris Zarhun, a allunan hanya kuma za ka ga an rubuta Moulay Idriss. Fararen gidaje ne da aka ɗora wani bisa wani a kan tuddai biyu, ga koren rufin hubbare a tsakaninsu, ga gonakin zaitun sun kewaye su, ga kuma hayaƙin masu gasa nama yana tashi daga dandalin garin tun daga hantsi. Yini ɗaya ya isa a ga garin, amma sai an jera abubuwan yinin yadda ya kamata, domin abu uku ne ke iko da tafiyar: zafin rana, hawan tudu, da lokacin cin abinci.

Na faɗi haka ne saboda zuwana na farko ban amfana da komai ba. Na ɗauki shatar wata mota daga Fas, direban ya kai mu Walili, kangon tsohon birnin Rumawa da ke kusa da garin, da rana tsaka muka gasu, sannan ya tsaya da mu a bakin titi muka hango garin daga nesa na minti goma, ya ƙarasa da mu wani gidan abinci da aka gina domin baƙi, inda aka kawo mana kaza mai sanyi a kan tsadar da ba ta dace ba. Sai a zuwa na biyu, da na shiga motar haya tare da 'yan gari, na gane abin da na rasa.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taka garin

Wanda garin ya ci sunansa shi ne Idris ɗan Abdullahi, jikan jikan Sayyidina Ali ta wajen Hasan. Ya tsira daga yaƙin Fakhkh da aka gwabza kusa da Makka a shekarar 786 tsakanin Alawiyyawa, wato zuriyar Sayyidina Ali, da rundunar Abbasiyawa, ya yi gudun hijira zuwa yamma tare da baransa Rashid, har ya iso tsohon birnin Walili a 788. Ƙabilar Auraba ta Barbar ta karɓe shi ta yi masa mubaya'a, daga nan aka kafa daular Idrisawa, wadda Marokawa ke ɗauka a matsayin tushen ƙasarsu. Bai daɗe ba ya rasu a 791, kuma marubutan tarihi sun ruwaito cewa guba wani ɗan aiken Halifa Haruna Rashid ya ba shi. Ɗansa Idris na Biyu, wanda aka haifa bayan rasuwar uban, shi ne ya raya Fas, kuma a can kabarinsa yake. Saboda haka kada ka rikita su: hubbaren da ke tsakiyar Fas na ɗa ne, na dutsen Zarhun kuwa na uba ne.

Garin ya taso ne a hankali a kewayen kabarin, kuma ginin hubbaren da ake gani yau Sarki Mulai Isma'il ne, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, ya sake gina shi. Unguwanni biyu ne manya, Khaibar a tudun da ya fi tsawo, Tasga a ɗaya tudun. Saboda alfarmar wurin, har zuwa 2005 ba a barin wanda ba Musulmi ba ya kwana a garin, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa bai cika da manyan otal-otal ba, ya zauna gari na masu ziyara da manoman zaitun.

Zaɓen lokaci da rana

Watannin Maris zuwa Mayu sun fi kowane lokaci daɗi, domin ƙasa tana kore, iska tana da sanyi, rana kuma ba ta cizo. Oktoba da farkon Nuwamba su ne na biyu. Daga Yuni zuwa Agusta zafin yankin yana da tsanani, kuma kada Bahaushe ya ce ai shi ɗan rana ne, domin zafin da ka saba da shi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa daban yake da zafin da zai same ka kana hawan matakala ɗari bisa ɗari. Lokacin sanyi kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne damunarsu: ana ruwa, duwatsun lungu suna santsi, sai dai a lokacin ne ake girbin zaitun ana matsar sabon mai.

A cikin mako, Asabar ce ranar kasuwar garin, kuma ita na fi so, saboda mutanen ƙauyuka suna saukowa da kayan lambu da zaitun da cuku, motoci kuma suna cika da wuri. Juma'a tana da nata daɗin, domin ranar kuskus ce, amma shaguna da yawa suna rufewa daga kafin salla har zuwa La'asar. A ƙarshen bazararsu, wajen Agusta, ana yin babban taron shekara na tunawa da Mulai Idris, wanda suke kira musim, inda ɗarikun Sufaye da dubban jama'a ke cika garin. Wanda ke son ganin taro, wannan ne lokacinsa. Wanda ke son natsuwa ya kauce masa. Idan kuwa abincin rana ne ya kawo ka, ba sai an gaya maka ka guji watan azumi ba.

Shirin daren jiya

Takalmi shi ne abu na farko. Ka ajiye silifa da takalmin fata mai santsin ƙasa, ka sa wanda ke riƙe dutse kuma yake da sauƙin cirewa a ƙofar masallaci. Babbar riga tana da kwarjini amma tana hana hawa, don haka kaftani mara nauyi ya fi dacewa. Mata kuma su lura da tsawon abaya a kan matakala. Ka tanadi tsabar dirhami, musamman canji ƙanana, domin masu tasi da mahauta da masu alawa ba sa karɓar kati. Ka ɗauki gorar ruwa babba, da malafa ko laima, da kwafin fasfo. Abu na ƙarshe shawara ce ta ɗan'uwa: ka ƙulla ɗan yaji a leda ka jefa a aljihu. Girkin Marokawa yana da ƙamshi ƙwarai amma ba shi da zafin barkono, kuma za ka tuna da wannan magana idan aka ajiye maka nama a gaba.

Daga Fas zuwa gindin dutse

Ka fita bayan sallar Asuba da kaɗan, ka hau ƙaramar jar tasi ta cikin gari zuwa tashar jirgin ƙasa ta Fas, ka ce wa direba ya kunna mita. Jiragen da ke nufar Rabat da Kasabalanka suna bi ta Maknas, nisan kimanin kilomita 60 ne, kuma tafiyar ba ta cika kai minti 45 ba. Maknas tana da tasha biyu. Idan jirginka yana tsayawa a wadda ake kira Al Amir Abdelkader, a nan ya fi kyau ka sauka domin ta fi kusa da inda za ka. Idan ba ya tsayawa, ka sauka a babbar tashar ka hau ƙaramar shuɗiyar tasi. Abin da za ka nema shi ne wurin lodin manyan tasi na Mulai Idris, wanda ke kusa da cibiyar al'adun Faransa, kuma kowane direba ya san shi.

Babbar tasi mota ce ta fasinja shida, kujera-kujera ake biya, kuma ba ta tashi sai ta cika, tsarin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Da zarar mai lodi ya ga baƙo zai iya tambayarka ko shata kake so, wato ka biya kuɗin kujeru shida. Ka ɗaga yatsa ɗaya ka ce "blasa wahda", ma'ana kujera ɗaya, sannan ka dubi abin da na kusa da kai ya biya ka biya daidai da shi. Idan ku huɗu ne ko biyar, biyan kujerar da ta rage ya fi zaman jira. Daga Maknas zuwa garin kusan kilomita 30 ne, rabin sa'a ko fiye da haka kaɗan, hanya tana ratsa gonakin alkama da zaitun, har a wata kwana garin ya bayyana gabanka fari fat a jikin dutse. Ka zauna ta taga idan ka samu.

Motar za ta sauke ka a ƙasan gari, ka ɗan hau tudu kaɗan zuwa babban dandali. Kafin komai ka karya kumallo a nan, kuma abin da za ka nema shi ne bisara: fate ne mai kauri na busasshen wake mai faɗi, irin wanda Larabawa ke kira ful, ana dafa shi har ya narke, a zuba a ƙaramin kwano, a kwarara man zaitun a kai, a barbaɗa kamun, wani kayan ƙamshi da ba ya rabuwa da teburinsu. Da gurasa mai zafi ake ci, ba da cokali kaɗai ba. Kwano ɗaya da kofin shayi zai riƙe ka har Azahar, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

Walili tukuna, tun rana ba ta yi ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da gari a bar kangon sai tsakar rana. Kangon Walili, wanda Turawa ke kira Volubilis, yana kan fili ne kimanin kilomita huɗu daga garin, kuma kusan babu inuwa a cikinsa, don haka da safe ake zuwa. Mai ƙarfin ƙafa zai iya gangarawa a ƙasa cikin abin da bai kai sa'a ɗaya ba. Wanda ke tare da dattijo ko yara ya ɗauki tasi, ya kuma yi ciniki tun a nan cewa direban zai dawo ya ɗauke su a lokaci kaza, kada a biya kuɗin dawowa sai an dawo. Ana sayen tikiti a ƙofa, kuma na baƙi ya fi na 'yan ƙasa tsada.

Birni ne da ya girmi zuwan Rumawa, ya bunƙasa a hannunsu da arzikin alkama da man zaitun, har suka janye daga yankin wajen shekarar 285, mutane kuma suka ci gaba da zama a cikinsa har zamanin da Idris ya iso. Daga baya an kwashi duwatsunsa an yi ginin Maknas, girgizar ƙasa ta 1755 kuma ta rusa abin da ya rage a tsaye. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1997. 'Yan yankin sun daɗe suna kiransa Kasar Fir'auna, wato fadar Fir'auna, ko da yake babu abin da ya haɗa shi da Masar.

Sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu ta isa. Ka fara da dandalin birnin da ginshiƙan kotu da na ɗakin bauta, waɗanda fararen shamuwa suka yi sheƙa a kansu, ka wuce ƙofar baka da aka gina a 217 domin girmama Sarki Karakala da mahaifiyarsa, sannan ka bi babban titin da ya miƙe zuwa Ƙofar Tanja, inda gidajen attajirai suke. A daɓen waɗannan gidaje ne ake ganin zanen da aka yi da ƙananan duwatsu masu launi, na dabbobi da kifaye da jarumawan tatsuniyoyinsu. Ya kamata mai iyali ya sani tun da wuri cewa wasu daga cikin zanen na mutane ne marasa sutura. Abin da ni ya fi tsayar da ni shi ne matsar man zaitun da aka sake haɗawa yadda take a da, da dutsen niƙanta da dogon gungumen da ke danne kwandunan zaitun, saboda idan ka ɗaga kai daga wurin, itatuwan da ke gabanka har gindin dutse zaitun ne, man da ka sha a bisara da safe kuma daga cikinsu ya fito.

Hawan gari

Ka dawo dandali kafin rana ta take, ka sha ruwa, ka fara hawa. Babu mota a cikin lungunan, jakuna ne ke ɗaukar komai, daga tukunyar gas har buhun siminti, kuma idan ka ji an ce "balak" daga bayanka, gafara ake nema, sai ka manne da bango. Yara da samari za su tare ka su ce za su kai ka wurin hange. Ba dole ba ne, amma lungunan suna da ruɗarwa, kuma ɗan rakiya yana rage wahala; sharaɗi kawai shi ne a yanke abin da za ka ba shi kafin a ɗaga ƙafa. Idan ba ka so, "la, shukran", wato a'a na gode, da murmushi ya wadatar, ba sai an ɗaga murya ba.

Wurare biyu ake nema a unguwar Khaibar. Na farko hasumiyar wani masallaci ce da aka gina a 1939, wadda ta saɓa wa al'adar ƙasar: hasumiyoyin Maroko masu kusurwa huɗu ne, ita kuwa zagayayya ce kamar turmi, an lulluɓe ta da koren tayil da aka rubuta ayoyin Alƙur'ani a jikinsa da rubutun Kufi mai kusurwoyi. Na biyu su ne wuraren hange guda biyu, babba da ƙarami, inda ake tsayawa a ga hubbaren daga sama, da koren rufinsa da farfajiyoyinsa, da gidajen Tasga sun taru a bayansa, da filin Walili can nesa. Daga dandali zuwa can bai wuce minti ashirin ko talatin ba, amma duk matakala ce. Ka hau a hankali, ka riƙa tsayawa. A irin wannan tsayuwa ce na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba ta fito daga wata shuɗiyar ƙofa, ɗauke da katako a ka, an jera curin ƙullun gurasa huɗu an rufe da tsumma mai ratsin ja, ta nufi gidan gashin unguwa. Kowane gida yana kwaɓa nasa ne ya aika a gasa masa, mai gashin kuma ya san gurasar kowa. Idan ƙamshin itace da gurasa ya bugi hancinka a lungu, ka leƙa ka yi sallama, sau da yawa za a sayar maka da guda mai zafi.

Salla da ziyara

Ka daidaita saukowarka da kiran Azahar. Hanyar shiga hubbaren tana farawa ne daga dandali, ta wata ƙofa mai baka, ta bi wani dogon zaure da masu sayar da kyandir da tasbaha da turare suka jeru a gefensa. A can ciki akwai wani gungumen katako da aka gitta daidai ƙirji: iyakar wanda ba Musulmi ba ke nan, kuma iyakar dabbobi, kowa kuma sai ya sunkuya kafin ya wuce. Bayan shi akwai farfajiya da wurin alwala da masallaci da ɗakin kabarin. Ka cire takalmi ka riƙe shi a leda, ka bar ɗaukar hoto a ciki, mata kuma su bi inda suka ga matan gari suna bi. Ba za ka ji baƙunta a sahu ba, domin Malikiyya ce mazhabarsu, kuma da ruwayar Warshu liman zai yi karatu a sallolin bayyane, irin wadda aka san allon makarantunmu da ita. Za a iya samun masu neman sadaka a ƙofa. Ka ba da abin da ya sauwaƙa, idan babu ka ce "Allah isahhal", wato Allah ya sauƙaƙe. Maganar da wasu ke yi cewa ziyarar wurin sau kaza tana daidai da aikin Hajji zancen baka ne kawai, kada ka ɗauke shi da nauyi.

Abincin rana

A nan ne ya kamata ka kashe lokaci, don haka kada ka cika ciki da kayan kwalama a hanya. Abin da garin ya yi suna da shi shi ne kafta, niƙaƙƙen nama da ake gasawa a kan gawayi, kuma a jerin rumfunan da ke dandali da hanyar da ta gangara zuwa tasha ake yin sa. Kada ka zaɓi rumfa saboda kyan kujerunta. Ka dubi inda iyalan Marokawa suka zauna, inda kuma naman ke rataye a fili ana yanka ana ƙarewa.

Tsarin shi ne, da awo ake sayen naman, wani lokaci a wurin mahaucin da ke jikin rumfar, sannan a miƙa wa mai gashi a biya shi ladan wuta. Kwatan kilo yana isar mutum ɗaya mai cin kirki, rabin kilo mutum biyu. Ka tambayi farashin kilo tun kafin a yanka, kalmar ita ce "bishhal", wato nawa ne. Ka nuna tsokar da kake so, ka ce a sa ɗan kitse kaɗan domin kada ya bushe, ka tsaya a niƙa a gabanka. Mahaucin da na saya a wurinsa, wani dattijo mai farar hula, ya jefa naman a injin tare da albasa da ɗanyun ganyayen ƙamshi na fasili da kuzbara, ya barbaɗa gishiri da kamun da jan garin tattasai mara zafi, ya murje da hannu, ya ɗora a sikeli ya juyo da fuskar sikelin wajena ya ce, "Duba da kyau, Alhaji." Mai gashin kuma ya mulmula shi ƙanana kamar yatsu, ya jera a ragar ƙarfe mai rufi, ya sa yankakken tumatir da albasa a gefe, yana fifita gawayin da guntun kwali har kitsen ya fara ɗiga yana tayar da hayaƙi.

Su sun fi son a bar ɗan ja a tsakiya, don haka idan kai mai son nama ya gasu sosai ne, ka faɗa tun farko. Za a kawo shi da gurasa zagayayya, da ƙananan kwanoni biyu na gishiri da kamun, da zaitun. Da hannu ake ci: a yago gurasa, a damƙo nama da tumatir da ita, a dangwala kamun. A nan ne za ka ciro yajinka, ko ka nemi harisa, markaɗaɗɗen barkononsu. Wanda ke son ƙari ya nemi tsiren hanta da ake naɗewa da kitsen ciki, ko haƙarƙarin rago.

Wanda ba ya son gashi yana da tajin, wato dahuwar da ake yi a kaskon ƙasa mai murfi mai tsini, a kan garwashi, a hankali. A gaban rumfuna za ka gan su a jere tun hantsi, kuma ba laifi ba ne ka ce a ɗaga murfi ka gani kafin ka zaɓa. Na kaza da zaitun da lemon tsamin da aka tsuma a gishiri shi ya fi dacewa da wannan yanki. Akwai kuma na kafta da ƙwai a cikin miyar tumatir, wanda ake iya yi maka nan take. Tajin na kirki yana cin sa'o'i, saboda haka idan a gidan saukar baƙi kake son ci, a saman soro mai kallon kwari, ka leƙa da safe ka ba da oda kafin ka tafi Walili. Ka nemi za'aluk a gefe, wato dafaffen baƙin yalo da tumatir da tafarnuwa da man zaitun. Ranar Juma'a kuwa kuskus ne da kayan lambu da nama, ana korawa da laban, wanda ɗan'uwan tsala ne. Ruwan sha dai na kwalba ya fi kwanciyar hankali ga cikin baƙo.

Bayan an ci sai shayi, kuma ba a gaggawarsa. Koren shayi ne da na'a-na'a cike da kofi, ana tsiyayo shi daga sama domin ya yi kumfa, sukarinsa kuma yana da yawa ƙwarai, don haka mai ciwon sukari ya yi magana kafin a haɗa. A lokacin sanyi sukan sa wani ganye mai ɗaci da suke kira shiba, ɗan'uwan tazargade, a madadin na'a-na'a. Ka samu kujera a gefen dandali ka zauna har La'asar, domin a wannan lokacin rana ta fi ƙarfin yawo, kuma motocin masu yawon buɗe ido sun riga sun wuce.

Tsaraba da komawa

Tsarabar garin ita ce alawar da ake tarawa kamar tubali a teburan da ke kusa da ƙofar hubbare, fara da ruwan hoda da koriya, wata da gyaɗa, wata da almon, wata kuma ta riɗi zalla mai kama da kantu. Da awo ake sayarwa, ana sara ta da wuƙa, kuma mai ita zai ba ka ɗanɗano idan ka nema. Ka zaɓi wadda aka rufe da leda ko gilashi, saboda ƙudan zuma da ƙura. Sai man zaitun da zaitun ɗin kansa da busasshen ɓaure. Ka ɗanɗani man da gurasa kafin ka saya. Sabo yana da kauri da ɗan kore, yana kuma ɗan kartar maƙogwaro. A gorar roba ake zuba shi, don haka ka duba murfin, ka naɗe shi a leda biyu, ka kuma tuna cewa a babbar jaka zai shiga jirgin sama, ba a jakar hannu ba.

Kada ka bari Magariba ta same ka a garin idan ba kwana za ka yi ba, domin da rana ta faɗi fasinja suna raguwa, motar da ke cika cikin minti goma da safe sai ta koma jiran sa'a guda, ko a ce sai shata. Ka gangara tasha bayan La'asar da kamar sa'a ɗaya. Idan ka isa Maknas da sauran haske, ka ɗauki ƙaramar tasi zuwa Bab Mansur, babbar ƙofar birnin da aka kammala a 1732, ka dubi ginshiƙan marmara da ke jikinta, waɗanda ake cewa daga Walili aka ɗauko su. Daga nan zuwa tashar jirgin ƙasa tafiyar 'yan mintoci ce, jiragen Fas kuma suna wucewa har dare, amma ka duba lokacin na ƙarshe tun da safe a allon tasha, ka kuma sayi tikitin komawa a lokacin domin ka huce bin layin yamma.